Wane kwas ne ke kai ɗalibi ga abinci a Najeriya?

A duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta fara rajistar masu neman shiga jami'a, akan sake tayar da wata tsohuwar muhawara a gidaje da dama na arewacin Najeriya, wato wane kwas ya kamata yaro ya cike.

Uba na son a samu likita a gidan. Uwa ta fi karkata ga aikin lauya, ko kuma aikin jinya idan 'ya mace ce. Kawun da ya daɗe a aikin gwamnati kan ce a daina ruɗar kai da suna, a nemi duk inda gurbi zai samu. Shi kuwa mai karatun, wanda galibi bai wuce shekara 17 ba, shi ne na ƙarshe da ake jin ta bakinsa.

Muhawarar dai ba ta banza ba ce. A shekarar 2025 ɗalibai kusan miliyan 2 ne suka zauna jarrabawar, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Ke nan mafi yawansu ba za su ko kusanci kwasa-kwasan da iyayensu ke buri ba, abin da ya saura za a ba su.

Wanda ya samu shiga kuma zai kwashe shekara 4 zuwa 6, ban da abin da yajin aiki zai ci, irin na ƙungiyar ASUU da ya rufe jami'o'in gwamnati har tsawon wata 8 a 2022. Bugu da ƙari, tun daga 2024 akwai ɗaliban da ke karatu da bashin gwamnati, wanda wata rana za a zo karɓa.

Saboda haka tambayar ko wane fanni ne ke biyan wahalar mai shi ta tashi daga hirar majalisa, ta koma lissafin kuɗi.

Zamanin da kowace takarda ke da kasuwa

Dattawan da suka yi jami'a a shekarun 1960 da na 1970 kan yi mamakin wannan tambaya, domin a zamaninsu ba ta taso ba.

A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, jami'o'i 5 ne kacal a duk faɗin ƙasar. Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna tana neman 'yan arewa masu ilimin boko ruwa a jallo, domin su maye guraben Turawan da ke komawa gida. Wanda ya karanta tarihi ko labarin ƙasa ko Turanci yakan tarar da aiki na jiransa, sau da yawa har da gida da rancen mota. Digirin shi ne abin nema, abin da aka karanta a cikinsa bai dami kowa ba sosai.

Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980, da shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Janar Babangida ta ɓullo da shi a 1986, su suka kawo ƙarshen wancan zamani. Gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, masana'antu suka fara durƙushewa, amma jami'o'i suka ci gaba da yawaita har suka doshi 300 a 2025.

Abubuwa biyu sun nuna inda aka kwana. A 2012 Alhaji Aliko Dangote ya bayyana cewa da kamfaninsa ya nemi direbobin manyan motoci 100, mutum wajen 13,000 ne suka nema, cikinsu har da masu digirin digirgir 6 da masu digiri na biyu 704. Sai kuma ranar 15 ga watan Maris na 2014, lokacin da fiye da mutum rabin miliyan suka yi tururuwa zuwa filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Aƙalla mutum 16 ne suka mutu a turmutsitsin ranar. A cikin wancan layi akwai injiniya, akwai masanin tattalin arziki, akwai wanda ya karanta adabi, kuma duk aiki guda suke nema.

Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na farkon 2024 sun ƙara fito da dalili. A cikin duk mutum 100 da ke da abin yi a Najeriya, kimanin 16 ne kawai ke karɓar albashi daga wani, sauran kansu suke yi wa aiki, a gona ko a kasuwa ko a bakin titi. A daidai lokacin, rashin aikin yi a ƙasa baki ɗaya kashi 5.3 cikin 100 ne bisa sabon ma'aunin hukumar, amma a tsakanin waɗanda suka yi karatun gaba da sakandare ya kai kashi 9.

Wannan ɗan ƙaramin yanki na masu albashi, nan ne kaɗai sunan kwas ke da farashi. Ana mantawa da haka a duk lokacin da aka ɗauko jerin "kwasa-kwasan da suka fi tsoka" daga intanet ana yaɗawa a WhatsApp.

Abin da alƙaluman waje ke cewa

Irin waɗannan jeri galibi daga Amurka da Birtaniya suke fitowa, kuma a can suna da tushe, domin ana bin diddigin ɗalibai bayan sun gama karatu.

A 2015 wata cibiyar bincike ta Jami'ar Georgetown da ke birnin Washington ta kwatanta albashin masu digirin farko a Amurka. Injiniyan man fetur shi ne a sama, da matsakaicin albashi na dala 136,000 a shekara. Malamin ƙananan yara shi ne a ƙasa, da dala 39,000. Cibiyar ta ƙiyasta cewa a tsawon rayuwar aiki, tazarar da ke tsakanin kwasa-kwasan sama da na ƙasa ta kai dala miliyan 3.4.

A Birtaniya kuwa, inda gwamnati ke haɗa bayanan makaranta da na haraji, cibiyar IFS ta gano a 2020 cewa namijin da ya karanta likitanci ko tattalin arziki yakan samu ribar kusan fam 500,000 a rayuwarsa fiye da in da bai je jami'a ba, yayin da fannonin zane-zane da wasan kwaikwayo kusan ba su da riba ta fuskar kuɗi. Binciken ya kuma ce ɗalibi 1 cikin 5 da ya fi samun kuɗi in da bai shiga jami'a ba sam.

Babu shakka dai kwas da kwas akwai bambanci. Sai dai abin da jerin ba ya faɗa shi ne farashin ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Rahoton na Georgetown ya fito ne a daidai lokacin da kasuwar mai ke rugujewa. Gangar da ake sayarwa sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a watan Janairun 2016, kamfanoni suka sallami dubban ma'aikata, kuma matasan da suka yi rububin shiga fannin lokacin da yake tashe suka fito suka tarar kasuwa ta watse.

Haka ta faru da ilimin kwamfuta. Shekara da shekaru ana gaya wa matasan Amurka cewa wanda ya iya rubuta manhaja ya rabu da talauci. Amma a watan Nuwamban 2022 kamfanin Meta ya sallami ma'aikata 11,000, a watan Janairun 2023 kuma Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000. Alƙaluman da reshen babban bankin Amurka na New York ya fitar a 2025 sun nuna rashin aiki a tsakanin sababbin masu digirin kimiyyar kwamfuta ya kai kashi 6.1 cikin 100, alhali na waɗanda suka karanta falsafa kashi 3.2 ne. Ya kamata a yi adalci a nan: ɗan kwamfutan da ya samu aiki har yanzu ya fi ɗan falsafa albashi nesa ba kusa ba, kuma da yawan 'yan falsafar suna aikin da ba ya buƙatar digiri ne. Amma tabbacin da ake yi wa fannin ya kau, musamman tun da na'urorin ƙirƙirarriyar basira suka fara yin ayyukan da a da ake bai wa sabon shiga.

Ɗalibin da ya cike fom a bana sai bayan shekara 5 ko 6 zai fito neman aiki. Yana saye ne da farashin yau abin da zai sayar a kasuwar da ba ta ci ba tukuna.

Darasin masaƙun Kaduna

Mutumin arewa ma ba ya buƙatar zuwa Amurka kafin ya ga wannan.

An kafa masaƙar Kaduna ta KTL a 1957, wasu suka biyo baya a Kakuri da Kano da Funtuwa da Gusau, har masana'antar ta zama ɗaya daga cikin mafi ɗaukar ma'aikata a ƙasar. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashe na musamman don kimiyyar saƙa, kuma wanda ya fito daga can a wancan lokaci bai san zaman jiran aiki ba. Kimiyya ce tsantsa, irin wadda ake cewa ƙasa na buƙata. Da matsalar wutar lantarki da kwararowar atamfofin waje suka ci ƙarfin masaƙun, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Ilimin bai ragu ba, malaman ba su canja ba, amma takardar ta rasa mai saye.

Labarin Ajaokuta ya fi wannan ciwo. An fara gina kamfanin tama da ƙarafan a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka tura matasa ƙasashen waje koyon sarrafa ƙarfe, jami'o'i suka buɗe sassa don ciyar da shi da ma'aikata. Da dama daga cikin waɗancan matasa sun yi ritaya ba su ga kamfanin ya yi aikin da aka gina shi domin yi ba.

Abin nufi shi ne darajar kwas ba a jikin kwalin take ba, tana wurin wanda ke jiran mai kwalin a bakin ƙofa. Injiniya a ƙasar da ba ta ƙera komai, koyarwa zai koma ko aikin banki. Bankunan kuwa, tun bayan haɗe su da aka yi a 2005 daga 89 zuwa 25, ba su cika damuwa da abin da matashi ya karanta ba. Abin da suke dubawa shi ne darajar sakamakonsa, da shekarunsa, da yadda ya ci jarrabawarsu. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a tarar da masanin sinadarai yana ƙirga kuɗi a kanta.

Lasisi da fasfo

To amma akwai kwasa-kwasan da suka riƙe darajarsu duk da wannan hali, kuma iyaye ba su yi kuskure ba da suke kwaɗayinsu. Likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya suna da abubuwa biyu da sauran ba su da su.

Na farko lasisi. Doka ta hana kowa duba maras lafiya sai mai rajista, kuma hukumomin da ke ba da rajistar su ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka. Wanda ya karanta kimiyyar siyasa yana gogayya da duk wani mai digiri a ƙasar, shi kuwa likita da 'yan uwansa likitoci kawai yake gogayya.

Na biyu kuma, wanda ba a cika son faɗa a fili ba, shi ne takardar tana cin kasuwa a waje. A watan Maris na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara 5, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 55,000 ba, da yawansu a manyan birane irin su Legas da Abuja. A farkon wannan shekarar ce kuma hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun fice cikin shekara 3. A watan Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa, ɗaruruwan likitoci sun yi layi a Abuja don ganawa da masu ɗaukar ma'aikata zuwa Saudiyya.

Wato dai wani babban kaso na darajar likitanci a Najeriya, Birtaniya da Saudiyya da Kanada ne ke biyansa. Ga iyalin da ya ɗauki nauyin karatun riba ce. Ga jihar da ta tura ɗalibai mata karatu a waje don a samu likitocin da za su duba mata a asibitocin karkara, lissafin daban ne.

Gwamnati ta gwada hanyoyi biyu. A 2023 wani ƙudurin doka da ke neman tilasta wa sababbin likitoci aikin shekara 5 a gida kafin a ba su cikakken lasisi ya tsallake karatu na biyu a majalisar wakilai, ya kuma gamu da fushin ƙungiyoyin likitoci. A 2024 kuma aka ninka adadin ɗaliban likitanci da aka yarda a ɗauka daga 5,000 zuwa 10,000. Ko gadajen asibitocin koyarwa da malaman da suka rage za su iya ɗaukar wannan nauyi, wannan wata magana ce.

Ƙarancin guraben shi ya kori dubban 'yan arewa zuwa Sudan da Masar da Yukren, wasu da kuɗin jiha, wasu da kuɗin gonar da aka sayar. Yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a watan Afrilun 2023 sun dawo da da yawansu gida karatu bai kammala ba. Wanda ya kammala a waje ma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Najeriya kafin ya taɓa maras lafiya, kuma ba kowa ke tsallakewa ba.

Ita ma ƙofar wajen ba a buɗe take har abada ba. Masu digiri da yawa, ko da wane fanni suka karanta, sun shiga Birtaniya ta hanyar aikin kula da tsofaffi. A watan Yulin 2025 gwamnatin ƙasar ta daina ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga ƙetare.

Aikin lauya kuwa yana da lasisi amma ba shi da fasfo, domin dokar Najeriya a Najeriya take aiki. Shi ya sa ake samun 'yan manyan lauyoyi masu ɗimbin dukiya a sama, da tarin matasa a ƙasa da ke ɗaukar jakar maigida zuwa kotu a kan albashin da bai taka kara ya karya ba.

Waɗanda ake buƙata amma ba a biya

Idan aka juya tambayar, aka ce wane fanni ne arewa ta fi buƙata, amsar ba ta da wuya: malaman makaranta da masana aikin gona. Su ne kuma fannonin da ɗalibai suka fi gudu.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji 4, ta kuma ce 21,780 sun faɗi. An yi ta jayayya a kan yadda aka gudanar da jarrabawar da kuma korar da ta biyo baya. Amma ba a cika tambayar yadda aka yi koyarwa ta zama matattarar waɗanda suka rasa gurbi a wani wuri ba. Shekaru da dama mafi ƙarancin makin shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, ƙasa da na jami'a. A watan Agustan 2025 ministan ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ce akwai kwalejojin ilimi 64 da ko ɗalibi guda bai neme su ta hannun JAMB ba.

Yaran ba wawaye ba ne. Sun ga malamin da ya koyar da su yana bin bashin shinkafa kafin ƙarshen wata. A ranar malamai ta 2020 Shugaba Buhari ya yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, a 2022 kuma ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayarsu zuwa 65. Sai dai malaman firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, kuma alƙawarin Abuja ba ya cika aljihun malamin da ke ƙauye.

Noma ma haka. Yana samar da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na tattalin arzikin ƙasar, kuma duk manomin da ya shuka irin masara ko dawa ko wake mai sunan da ya fara da SAM, ya ci gajiyar masanan cibiyar bincike ta Samaru. Irin waken SAMPEA 20-T da aka fitar a ƙarshen 2019, wanda ke jure wa tsutsar da ke huda kwanso, aikin irin waɗannan masana ne. Amma ɗalibin da aka ba kwas ɗin noma yakan karɓa ne yana neman hanyar canji, domin ya san ba shi da fili, ba shi da jari, kuma ma'aikatun gona sun daɗe ba su ɗauki malaman gona yadda ya kamata ba.

Amfanin kwas ga jama'a daban, abin da yake kawo wa mai shi daban. Muhawarar gida takan cakuɗa su, ita ma gwamnati haka.

Doka ba ta juya ɗalibi

Manufar ilimi ta Najeriya ta daɗe da tanadin cewa kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a na kimiyya ne, 40 na sauran fannoni. Tsawon shekaru jami'o'i da dama ba su iya cika wannan ba, saboda dalili mai sauƙi: makarantar sakandaren da ba ta da malamin lissafi ko ɗakin gwaje-gwaje ba za ta haifar da ɗalibin kimiyya ba, kuma aji mai ɗalibai 500 na ilimin zamantakewa ya fi arha wajen gudanarwa fiye da ɗakin injiniyoyi.

Wata ƙasa ta gwada da kuɗi, ba ta yi nasara ba. A 2020 gwamnatin Ostareliya ta ƙara kuɗin karatun fannoni irin su tarihi da falsafa da kashi 113 cikin 100, ta rage na koyarwa da jinya da lissafi da noma, da nufin karkata ɗalibai. Kwamitin da gwamnatin ƙasar ta kafa ya ba da rahoto a 2024 cewa tsarin bai sauya zaɓin ɗalibai yadda aka so ba, illa dai ya ɗora wa wasu bashi mai nauyi.

Najeriya ma ta taɓa yanke hukuncin cewa wani fanni ba shi da amfani. A shekarar karatu ta 2009/2010 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, kuma cikin dalilan da aka bayar har da cewa masu karanta shi ba su da aikin yi. Bayan an yaye yaran da ba su san yaƙin basasa ko Daular Usmaniyya ba sai a bakin masu gardama a Facebook, gwamnati ta yi bikin dawo da shi a watan Nuwamban 2022, ta kuma shiga neman malaman da za su koyar.

A ɓangare guda, gwamnatin da ke kiran matasa su rungumi fasaha ita ce ta daɗe tana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma ta HND wajen matsayi da ƙarin girma. Majalisar dokoki ta zartar da ƙudurin soke bambancin a 2021, amma Shugaba Buhari ya sauka bai sa masa hannu ba.

Akwai kuma fannonin da ake yi wa kallon na lada kawai, wato Larabci da addinin Musulunci da Hausa. Gaskiya ne mafi yawan masu su a aji suke ƙarewa. Amma wanda ya haɗa su da wani abu labarinsa kan bambanta. Malam Sanusi Lamido Sanusi ya karanta tattalin arziki a Zariya, sannan ya karanta shari'a da addinin Musulunci a Khartoum, kafin ya shugabanci babban bankin ƙasa daga 2009 zuwa 2014. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta sayar da takardun sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017, aka samu buƙatar mutumin da ya san fiƙihun ciniki kuma ya iya karanta littafin akanta. Masu wannan haɗi ba su da yawa, shi ya sa suke da tsada.

A nan ne muhawarar da littafin Farfesa Isa Ali Pantami na 2022 ya tayar ta shigo, inda ya fifita ƙwarewa a kan kwalin digiri kawai. Masu goyon baya suka ce ya faɗi abin da kowane mai ɗaukar ma'aikata ya sani. Masu suka kuma suka ce yankin da yake baya a yawan masu digiri bai kamata a sanyaya masa gwiwa ba, suka kuma lura cewa mai maganar kansa farfesa ne. Kowane ɓangare na da hujja. Babu mai zama likita ko alƙali da ƙwarewa kawai, haka kuma babu kamfanin da zai riƙe mai digirin kwamfuta da bai taɓa rubuta manhajar da ta yi aiki ba, kuma ana yaye irinsu.

Duk wannan muhawara, a gida da a majalisa, da labarin ɗan wane da ya samu da ɗan wane da ya rasa ake yinta. Jami'o'in Najeriya ba su saba wallafa inda ɗalibansu suka ƙare ba, balle nawa suke samu, don haka uban da ke shirin sayar da gona ba shi da abin dubawa irin wanda takwaransa na Birtaniya ke da shi.

Mai yiwuwa amsar ta fito daga inda ba a zata ba. Asusun ba da rancen karatu na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatun ɗalibai a watan Mayun 2024, yana ba da bashi ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati ba tare da fifita wani kwas ba. Bisa tsarinsa, biya zai fara ne shekara 2 bayan kammala yi wa ƙasa hidima, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashin wanda ya samu aiki. Idan lokacin ya yi, littattafan asusun za su nuna 'yan wane sashe ne ke biya, 'yan wane sashe ne kuma aka nema aka rasa, kuma daga ranar zai yi wuya wani ministan kuɗi ya gani ya yi shiru.